Baba Tururi da Hayaƙin Masaƙa

Haihuwa da asali

An haifi marigayi Injiniya, wanda ma'aikatan masaƙa suka fi sani da Baba Tururi, a shekarar 1957, a wani ƙaramin gari da ke kan hanyar jirgin ƙasa. Mahaifinsa mai gasa burodi ne, mahaifiyarsa kuwa tela ce mai ɗinkin kayan yara, kuma shi ne na biyu cikin 'ya'yansu shida. Bango ɗaya ne ya raba ɗakin da ya tashi a ciki da tanderun burodi, don haka mahaifiyarsa takan jingina tulun ruwa a jikin bangon, gari ya waye ta yi wa yara wanka da ruwan ɗumi ba tare da ta hura ko itace ɗaya ba. Daga bisani, duk lokacin da aka yabe shi da hikima, yakan ce ba tasa ba ce, satar fasahar tsohuwarsa ya yi, sai dai ita ba a ba ta takardar shaida ba.

Neman ilimi

An sa shi makarantar firamare a shekarar 1964, ya wuce sakandaren koyon sana'a a 1971, inda ya fi ba da ƙarfi ga lissafi da aikin ƙarfe. A 1976 ya samu gurbi a kwalejin fasaha, ya karanci kanikancin injuna, ya kammala a 1980 da sakamako mai daraja ta biyu. A can ne malamansa suka cusa masa ƙa'idar da ya riƙe tamkar farilla har ƙarshen rayuwarsa, wato injiniyan kirki ba ya yar da abin da ke aiki, yana ajiye shi ne don ranar da sabo zai ƙi tashi. Wannan ƙa'ida ta amfane shi a wurare da dama, amma a wuri ɗaya ita ce ta ja masa wahalar shekaru, kamar yadda bayani zai zo.

Kama aiki a masaƙa

A shekarar 1981 wata babbar masaƙa ta ɗauke shi aiki a sashen wuta da tururi. Masaƙar tana da manyan janareta uku da ke ba injinan saƙa lantarki, a gefensu kuma akwai wata ƙatuwar tukunyar tururi da ke ƙona baƙin mai don dafa ruwan rini da busar da yadi, hayaƙinta yana fita ta wani dogon bututu na jan bulo wanda ake hangowa daga kowace unguwa. Tun a shekararsa ta farko ya lura cewa idan aka raba man da janareta ke sha kashi uku, kashi ɗaya ne kaɗai ke zama lantarki, sauran biyun zafi ne da ke bin salansa da ruwan sanyaya inji ya tafi a banza, alhali kuwa a ɗakin da ke kusa ana sayen wani man ana ƙonawa don neman zafin. Ya kai wa manaja shawarar a tare wannan zafi a dafa ruwa da shi. Manaja ya saurare shi da kyau, ya yaba masa, ya ce idan ya ƙara shekaru a aiki irin waɗannan tunane-tunanen za su bar shi ya huta.

Aure da zuri'a

Ya yi aure a shekarar 1984. Matarsa malamar firamare ce, kuma aka ba su gida mai ɗaki biyu da falo a barikin ma'aikata, layin ƙarshe, wanda ke daidai ƙarƙashin bututun hayaƙi ta ɓangaren da iska ta fi kaɗawa. A wannan layi ba a shanya farin tufa a waje, ba a barin abinci a buɗe, kuma ana toshe ƙasan taga da tsumma. Uwargidan takan ce masa ita injiniya ta aura amma kunkunniya take sharewa, shi kuma ya ce ta yi haƙuri, ai ba a banza aka ba su gidan babu haya ba.

Allah ya ba su ɗa namiji a 1985, mace a 1988, sai wani namijin a 1991. Wannan na ukun da ciwon ƙirji ya zo duniya, numfashinsa yana fito kamar usur duk ranar da hayaƙi ya kwanto kan bariki. An yi ta zaryar asibiti, likita ya ba da shawarar a bar unguwar, amma neman canjin gida bai samu karɓuwa ba kafin wa'adi ya cika, yaron ya rasu a 1995 yana da shekara huɗu. Ba a taɓa jin Injiniya ya ɗora laifin a kan kowa ba. Abin da iyalinsa suka lura da shi kawai shi ne, tun daga lokacin ya daina zama a ƙofar gida, domin daga nan bututun ake fuskanta. An haifi autarsu, mace, a 1997.

Kashe tukunya

Bayan wannan rashi ya sauya salon hujjarsa. Ya daina yi wa shugabanni maganar hayaƙi da lafiyar yara, don ya gane maganar ba ta wuce kunne, ya koma yi musu maganar tankokin man da za su daina saye. A 1999, da tsadar mai ta matse kamfani, mai masaƙa ya amince. Aka shafe kusan shekara biyu ana walda, aka haɗa salansan janareta uku suka bi ta cikin wata sabuwar tukunya mai ɗaruruwan siraran bututai, zafin da a da ake zubarwa ya zama shi ke dafa ruwan rini. A 2001 aka kashe tsohuwar tukunya, man da masaƙa ke ƙonawa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma gwargwadon haka iskar kabon da masana ke cewa tana ɗumama duniya ta ragu. A wannan shekara ce ma'aikata suka laƙaba masa Baba Tururi.

Masu sayen tsohon ƙarfe sun zo taya tsohuwar tukunyar, mai masaƙa ma ya so a sayar, amma Injiniya ya hana, bisa ƙa'idar malamansa. Ya sa aka rufe ta da tamfol, kuma duk shekara shi da kansa yake sa a goge ta, a shafe ta da mai, a gwada famfunanta.

Shekarun hayaƙin talla

Abin da bai yi la'akari da shi ba shi ne, mutanen gari da bututun nan suke sanin halin da masaƙa ke ciki. Da suka wayi gari ba hayaƙi, sai magana ta bazu cewa kamfani ya durƙushe. Direbobin da ke kawo auduga suka riƙa hango bututu daga kan gada su juya, dillalan yadi suka fara neman wata masaƙar, har wani ma'aikaci a bariki aka fasa ba ɗansa aure don an ce uban ya kusa zama marar aiki. Duk bayanin da aka yi bai shiga ba, domin a ganin jama'a masana'antar da ba ta hayaƙi ba ta aiki.

A 2002 manajan ciniki ya kawo mafita, cewa tunda tsohuwar tukunya lafiyarta ƙalau, a riƙa hura ta kowace safiya na ɗan lokaci don a ga hayaƙi. Da yake ba tururi ake nema ba, baƙi ake nema, sai a rage mata iska a zuba mata tsohon man inji, hayaƙin ya fito ya fi na da muni. Ma'aikata suka sa masa suna hayaƙin talla. Wanda aka ɗora wa aikin shi ne shugaban 'yan tukunya, aminin Injiniya kuma maƙwabcinsa, wanda ya ɗauki gawar ɗan Injiniya da hannunsa a 1995. Da Injiniya ya same shi da maganar, ya amsa masa da cewa:

"Injiniya, kai ka kashe wuta aka ƙara maka girma. Ni idan ta mutu, da me zan koma gida? Kuma wa ya goge ta ya ajiye mana, ni ko kai?"

Daga nan Injiniya ya mayar da maganar ga shugabanni. Shekara biyar yana kai ƙorafi ofis-ofis, ana ba shi shayi ana sallamarsa, uwargida kuma ta mayar da tsumman tagoginta. A 2007 ne ya samo wata tsohuwar jiniya a sito, ya haɗa ta da tururin sabuwar tukunya, ya roƙi a gwada busa ta safe da yamma a madadin hayaƙi, ya kuma nemi a mayar da 'yan tukunya kula da sabuwar, kada kowa ya rasa abincinsa. Sannu a hankali gari ya saba da jin masaƙa da kunne maimakon ganinta da ido, aka daina hayaƙin talla. Aka sake rufe tsohuwar tukunya da tamfol, ya kuma ci gaba da goge ta kamar da.

Ritaya da komawa bakin aiki

Ya yi ritaya a 2017, bayan hidimar shekara talatin da shida, ya koma ɗan gidan da ya gina a bayan gari, da ciwon gwiwa da hawan jini. A 2019 aka sayar da masaƙa ga wasu sababbin masu jari, kuma a shekarar ce autarsa, mai wannan rubutu, ta auri wani ma'aikacin lantarki na masaƙar, aka ba su gida a layin ƙarshe na bariki, ƙofa biyu daga wanda aka haife ta a ciki. A 2020 ta haifi ɗa namiji, shi ma da ciwon ƙirji irin na kawunsa marigayi. Kakan yana kiransa Mai Usur, yana tsokanarsa cewa shi da jiniya ba a san wanda ya fi wani iya busa ba, amma duk zuwan da zai yi sai ya kara kunnensa a bayan yaron kafin ya nemi wurin zama.

A 2022 siraran bututan sabuwar tukunya suka fara yoyo saboda tsufa. Sabon manaja, wanda bai kai babban ɗan Injiniya shekaru ba, ya duba tsadar gyara, ya ɗaga tamfol ya tarar da tsohuwar tukunya tsaf kamar jiya aka ajiye ta, ya ba da umurni a hura ta na wucin gadi. Wucin gadin ya ci wata da watanni. A wannan tsakani an kwantar da Mai Usur a asibiti sau biyu, mahaifiyarsa ta koma ajiye maganin shaƙa ɗaya a jaka, ɗaya a ƙarƙashin matashi, ɗaya wurin maƙwabciya, ta hana shi wasa a waje, ta kuma fara haɗa kaya da niyyar barin bariki ko da mijin zai riƙa yin doguwar tafiya zuwa aiki. Da ta je sanar da mahaifinta, ya daɗe yana murza gwiwarsa, sannan ya ce:

"Auta, ba yaron nan manaja ne ya hura ta ba. Shekara ashirin ina shafa mata mai. Miƙo min sandata."

Ya koma masaƙa ba albashi, ba muƙami, yana jira a benci tare da masu neman aiki kafin a ba shi izinin shiga. Ya sake maimaita wa manaja lissafin da ya yi wa magabatansa tun 1981, kusan kalma da kalma, bai ambaci jikansa ba ko sau ɗaya, domin ya riga ya san abin da ke shiga kunnen ofis. Da aka ce masa babu kuɗin gyara, sai ya ce kuɗin yana nan a ɗakin tukunya, a sayar da tsohuwar ga masu tsohon ƙarfe a sayi sababbin bututai. Manaja ya tambaye shi, cikin raha, ina za a dosa ranar da sabuwar ta ƙi tashi, tunda shi ne aka sani da cewa ba a yar da abin da ke aiki. Injiniya ya ce ranar sai a gyara ta, don mutum ba ya gyara abu da gaske matuƙar yana da wurin gudu.

An amince a farkon 2023. Shi ya tsaya kan masu walda har aka sauya bututan, akasari a zaune kan kujerar roba saboda gwiwa, kuma ranar da aka zo yanka tsohuwar tukunya shi ya nuna musu inda za su fara sa wuta. Tsohon shugaban 'yan tukunya, wanda shi ma ya tsufa, ya zo kallo, ya ce masa yau ya kashe babbar 'yarsa da hannunsa. Injiniya ya ce ai ita kaɗai ce cikin 'ya'yansa ba ta taɓa jin maganarsa ba.

Rasuwa

Bayan kammala wannan aiki jikinsa bai sake komawa daidai ba. Ya yi jinya a gida, daga bisani a asibiti, Allah ya karɓi ransa a watan Maris na 2024, yana da shekara sittin da bakwai. An yi jana'izarsa a ranar, aka binne shi a maƙabartar da ke bayan bariki, kusa da ɗansa, ma'aikata da dillalan yadi da direbobin auduga suka halarta, kuma ana cikin rufe kabari jiniyar yamma ta busa a kan lokacinta, ba don shi ba, don an tashi daga aiki. Bututun jan bulo yana nan tsaye har yau, ba a haɗe yake da komai ba, tsuntsaye ne ke sheƙa a bakinsa.

Ya rasu ya bar matarsa, malama mai ritaya, da 'ya'ya uku: babban ɗansa, direban babbar mota, 'yarsa ta fari, ma'aikaciyar jinya, da autarsa, wadda ba ta bar layin ƙarshe na bariki ba. Ya kuma bar jikoki bakwai, cikinsu har da Mai Usur, wanda ciwonsa bai rabu da shi ba, har yanzu da maganin shaƙa a jakarsa, amma bana ya shiga makaranta, kuma fararen rigunansa a waje ake shanya su. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya ba shi hutun da bai samu a nan ba.