Birkin Alhaji Bala a Hagu Yake

Har gobe ba zan manta da ranar Litinin ɗin da aka sauke mini wani jan babur a ƙofar gareji ba, an ɗaɗɗaure shi a bayan a-kori-kura kamar ragon layya. An gama yankan gero a lokacin. Na haura shekara ashirin ina gyaran babur a Gwarzo, har ƙungiyarmu ta kanikawa ta ba ni mataimakin shugaba. Na faɗi haka ne don ku san ba rashin sani ya kai ni ba. Sanin ne ya yi mini yawa.

Wanda ya kawo shi Malam Nasiru ne, malamin makaranta, babban ɗan Alhaji Bala na Durun. Alhaji Bala tsohon malamin gona ne. Tun yana saurayi ya sayi babur ɗin a hannun wani Baturen Italiya da ya zo aikin hanya, irin mai dogon tanki da ake kwantawa a kai don gudu. Da shi ya zaga ƙauyuka har ya yi ritaya, sai da injin ya ƙi tashi aka jingine shi a ɗakin hatsi.

"Baba ya matsa sai an tayar da shi," in ji Nasiru. "Mu da so samu ne ya haƙura, ya ba saba'in baya. Amma mun yi alkawari da shi: in yana hawa lafiya, shi ke nan. Ran da ya faɗi, zai ba mu makulli."

Irin wannan babur ba a samun kayansa ko a Kano. Abin da ya lalace, ko ka farfaɗo da shi ko ka sa a ƙera maka. Na sauke tanki na zuba tsakuwa da kananzir, na yi ta girgizawa har tsatsa ta fita. Kafireto, wato inda mai ke haɗuwa da iska, na kwance shi na jera a faranti, na wanke ɗaya bayan ɗaya. Wayoyin ɓera ya gama da su, na sake sababbi. A kwana na tara ya tashi, da wata murya mai kauri da ta sa masu shagunan layinmu suka leƙo.

Sai na hau gwaji. Ku da kuka tashi da baburan yanzu kun san giya a ƙafar hagu take, birkin baya a dama. To wannan a juye yake. Ina isa kwana na taka dama, babur ya ce bai san zancen ba, saura ƙiris in kwashe teburin mai shayi. Aka yi mini dariya son rai. Na dawo ina huci, na ce Turawan nan a baibai suka yi abu, ni zan daidaita musu. Ba wanda ya sa ni. Kwana uku muka yi da mai walda muna ƙera sanduna, muka ratsa da su ta ƙarƙashin inji, giya ta koma hagu, birki ya koma dama. Wallahi ban taɓa aiki mai tsafta kamarsa ba. Na gaya wa Nasiru a waya, ya ce madalla. Mai babur kuwa ban tambaye shi ba.

Ni da kaina na kai shi Durun. Alhaji ya fito, ya zagaya shi, ya shafa tankin da gefen babbar rigarsa. Ya hau ya buga, inji ya amsa. Ƙafarsa ta dama ta nemi giya, ta tarar da birki. Ya sunkuya ya duba, ya ɗago ya kalle ni. Maƙwabta sun taru ana ta barka.

"Na mayar maka da shi na zamani, Alhaji," na ce.

"To, Malam Sabo. Sannu da aiki."

Ya ja a hankali ya tafi. Na koma gida ina jin kaina.

Bayan kwana huɗu labari ya iso gareji. Alhaji yana hanyar gona, amalanken shanu ya fito daga cikin dawa, Alhaji ya kauce ya faɗa rami, hannunsa na dama ya karye. Na rufe gareji na tafi dubiya.

Na tarar da zaure cike, da mai unguwa da wasu mutum biyu da ni nake yi musu gyara. Alhaji yana kishingiɗe, an yi masa ɗori. Muka gaisa, ya jiki, da sauƙi, Allah ya kiyaye gaba. Kowa maganarsa ɗaya: tsufa ba ya ɓuya, ido ya rage, jiki ya yi nauyi. Makullin yana hannun Nasiru yana jujjuya shi. Na matsa kusa na rage murya.

"Alhaji, yaya abin ya faru?"

"Na taka birki, babur bai tsaya ba."

"Da wace ƙafa?"

Ya kalle ni ya ce, "Ƙaddara ce, Malam Sabo. A bar ta."

Ya sani, ni ma na sani. Ƙafar da ta yi fiye da shekara arba'in tana samun birki a hagu ba za ta tsaya tunani ba in shanu suka fito. Kuma ga shi ya rufa mini asiri. A sana'armu suna shi ne jari, in aka ce gyaranka ya karya dattijo, sai ka nemi wani garin. Ba zan ɓoye muku ba, sallama na yi na tashi. Na sa takalmi ɗaya ke nan na ji yana cewa Nasiru, "A ba 'yan gwangwan shi. Kun yi gaskiya, na tsufa." Muryar da ya faɗa da ita ce ta hana ni sa ɗayan. Kunya ta rufe ni. Na dawo na durƙusa.

"Jama'a, ba tsufa ne ya kayar da Alhaji ba, ni ne. Na sauya masa birki da giya ban tambaye shi ba. Inda ya taka, nan birkinsa yake tun kafin a haifi Malam Nasiru. Ni na ɗauke shi."

Nasiru ya daina juya makulli.

"Baba, me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In faɗi me?" in ji Alhaji. "Mutum ya yi kwana goma sha biyu a kan abina, kai ka kai masa. In ce ku biyun kun yi kuskure a gaban mutane? Gara a ce ni ne."

Na ɗauko babur ɗin a ranar. Sandunan da nake alfahari da su na yanke da hannuna, na mayar da komai mazauninsa. Maganar ta zaga kamar yadda na zata, ɗaya daga cikin mutum biyun nan bai ƙara kawo mini gyara ba har yau.

Da hannun ya warke na mayar da babur Durun. Alhaji bai nemi makulli ba, alkawari alkawari ne, ya tsaya yana kallo daga ƙofar zaure. Nasiru ne ya je ya durƙusa ya miƙa masa da hannu biyu, ya ce, "Baba, wannan faɗuwar ba taka ba ce." Shekara biyu ya ƙara yana hawa kafin Allah ya yi masa rasuwa, a kan shimfiɗarsa.

Shi ya sa nake gaya muku, in aka kawo muku tsohon inji, kada ku ɗauki sifana sai kun zauna da mai shi kun ji yadda suka saba. Kuma ku ji tsoron mutumin da kuka ɓata wa abu ya ce muku sannu da aiki. Mutanenmu suna iya haɗiye laifinka har su yarda nasu ne, kuma in ba kai ka buɗe baki ba, haka za a binne su da shi.