Ayar da Na Ce An Rubuta

Ni ɗan Dakoro ne, a gidan Kirista aka haife ni. Na yi lakwal har aji shida, na iya karatun Hausa. Da na girma sai na zama ɗan kamasho a tasha, ina cika motocin ƙauye. Fasinja ba ya ɓoye damuwarsa in yana jiran mota, ni kuma ina da kunne.

A ƙananan majami'un ƙauyukanmu, in baƙo ya zo ranar Lahadi, sai a ce ya tashi ya gai da ikilisiya. Ba a katse baƙo, ba a yi masa tambaya. Wata rana a wani ƙauye wajen Birnin Lalle aka ba ni wannan dama. Na hango wata tsohuwa da na taɓa ji a tasha tana kukan ɗanta da ya tafi Agadas bai waiwayo ba. Na ce Ubangiji ya nuna mini wata uwa a nan da ɗanta ya ɓace a arewa. Ta fashe da kuka. Da aka tashi ta ba ni kaza. Ba na so in ƙara wa labarin gishiri: kaza ɗaya ce, kuma na ji kunya a hanya. Amma na ci.

Daga nan na bar tasha, na riƙa bin ƙauyukan da ba su da fasto. Ina riƙe Littafi Mai Tsarki a rufe, ina cewa “an rubuta”. Na koyar cewa wanda aka yi wa addu'a ya koma shan magani, ya ƙaryata Allah. Ni na ƙirƙiro wannan, don a dogara da ni.

A wajen Ɗan Gulbi akwai wani manomi, Yakubu, mai tarin fuka. Yana karɓar ƙwayoyi a likita, wato asibitin garin, har ya fara samun sauƙi. Na ɗora masa hannu, na ce ya zubar da su. Matarsa Saratu ta ce, “Malam, ka yi haƙuri, wace aya ce ta ce haka? Buɗe mu gani mana.”

Na ce, “Mace mai shakka ita ke riƙe ciwo a gida.”

Yakubu ya ce, “Ke Saratu, mi ya kai ki gardama da baƙo?” Ya zuba ƙwayoyin a rami, ya ba ni ragonsa.

Bai kai kaka ba ya rasu. Majo, babban ma'aikacin likita, da ya ga Yakubu ya daina zuwa ya bi sawu, Saratu ta faɗa masa komai. Jandarma suka kama ni, waɗanda na karɓe wa awaki da kaji suka fito shaida, alƙali ya tura ni kaso.

A kaso na karanta Littafin daga farko zuwa ƙarshe, ina neman ko da rabin aya da za ta rage mini laifi. Na sake bi, ko na tsallake shafi. Babu.

Da na fito na je neman gafarar Saratu. Tana sussuka, ba ta aje taɓarya ba. Ta ce, “Na yafe, tunda an umarce mu. Wannan kam an rubuta, na gani da idona.”

Yanzu ina tura kurar ruwa. Na tuba, amma kullum ina tunanin ƙauyukan da ban koma na warware abin da na koyar ba.

Matasa, kada ku fara, ko da abin kaza ne. In mai wa'azi ya faɗi asirinku, ku tuna wa kuka taɓa faɗa wa. In ya ce an rubuta, ku ce ya buɗe, ku karanta sama da ƙasa da kanku. In ya hana ku magani, ku raka shi bakin hanya. Ku ba baƙo ruwa da tabarma, wannan hakkinsa ne. Ran mutum ba ya cikin hakkin baƙo.