Shekarar da Aka Ƙara wa Esti

Pangesti, wadda kowa ke kira Esti, ranar haihuwa biyu gare ta, kuma har ta doshi talatin ba ta taɓa ganin aibun hakan ba. Ɗaya tana cikin takardu: tara ga Nuwamba, casa'in da uku. Ɗayar tana bayan ƙyauren kabad ɗin kayan mahaifinta, an rubuta ta da fensirin kafinta: Laraba Pahing (wato Larabar da ta dace da ranar kasuwa mai suna Pahing), tara ga Nuwamba, casa'in da huɗu. Ta kabad ɗin ce ta gaskiya.

Ga yadda aka yi. Tana shekara biyar uwarta ta rasu, aka bar mahaifinta, Pak Ngadiran, da gonar rogo a kan duwatsun Gunungkidul da yarinyar da ba ta zama wuri ɗaya. In ya tafi gona sai ta bi yaran unguwa makaranta, ta laɓe a taga, ta dawo tana rera abin da 'yan aji ɗaya suka kasa haddacewa. Shugaban makarantar, Allah ya ji ƙansa, ya ce ƙwaƙwalwa kam akwai, shekaru ne babu. Lokacin ba a ma yi mata takardar haihuwa ba, kamar rabin yaran ƙauyen. Sai aka yi abin da kowa ke yi: aka je ofis, aka ƙara mata shekara ɗaya, aka ɗinka mata jan siket na 'yan firamare, ta shiga aji.

Wannan abu shi ne taƙamar Pak Ngadiran a duniya. Mutum ne da ba ya son surutu, sai ka yi wuni da shi a gona ba ka ji kalma goma ba, amma kada ka kuskura ka taɓo zancen makaranta. "'Yata tana shekara biyar ta shiga aji," zai ce, yana miƙa yatsu biyar masu kaushi. "Biyar! 'Ya'yan wasu sai an ja su da igiya." An ji wannan labari a wajen biki, an ji shi a wajen gaisuwar mutuwa, har mai sayen gyaɗa da ke zuwa daga garin Wonosari ya haddace shi.

Sai dai a gida bai taɓa yarda da ranar takarda ba. Kowa ya san ranar haihuwar mutum ita ce inda ranar mako ta haɗu da ɗaya daga cikin ranakun kasuwa biyar, irin su Pahing da Legi, kuma bayan kwana talatin da biyar take zagayowa. Saboda haka duk Laraba Pahing, ko ruwa ake ko rana, zai tashi ya dama kunun shinkafa mai kauri, rabi fari, rabi ja da sukarin kwakwa, yadda matarsa ke yi, ya yi wa yarinyar addu'a, ya kai wa maƙwabciyarsu Mbah Poniyem kwano ɗaya. Tsohuwar ba ta taɓa fasa karɓa ba, ba ta kuma taɓa fasa cewa gishirin ya yi yawa ba.

Esti ta girma, ta yi jami'a a Jogja, ta dawo tana koyar da Turanci a wata ƙaramar sakandare, malamar wucin gadi, irin wucin gadin da ke kai shekara takwas. Albashin ba abin da za a faɗa a gaban mutane ba ne. Amma ba shi kaɗai ke cin ta ba. Shekara takwas tana koya wa yara yadda ake tambayar hanyar tashar jirgi da Turanci, ita kuwa ba ta taɓa tambayar kowa ba. Ƙawayenta biyu sun sami bizar nan ta matasa, wadda ake ba mutum shekara guda a Ostireliya ya yi aiki ya ga gari. Ɗaya tana tsinkar inabi, ɗaya tana gyaran ɗakuna a otal, suna turo hotuna cikin rigunan sanyi, suna kukan ciwon baya. Esti ciwon bayan ma so take.

Bizar tana da sharuɗa, kuma duk ta cika su: takardar jami'a, jarrabawar Turanci, shaidar banki. Biyu ne suka tsaya mata a wuya. Dole mutum ya shigar da buƙatarsa kafin ya cika talatin da ɗaya. Kuma dole ya fara samun wata wasiƙar goyon baya daga nan gida, wadda ake buɗe ƙofarta ta intanet rana ɗaya a shekara, dubban mutane su afka mata lokaci guda, kafin ka gama shan shayi gurabe sun ƙare. Sau biyu Esti tana shiga wannan wawaso tana fitowa hannu wofi.

Karo na uku ba ta yarda da sabis ɗin ƙauye ba. Tun da safe ta hau babur ta tafi Wonosari, shagon wata ƙawarta mai intanet mai ƙarfi, ta jera takardunta, ta ɗora yatsa tana jiran ƙarfe tara. Ta cike suna, ta cike lambar fasfo, tana cikin ɗora hoto shafin ya sanar da ita an cika. Ta daɗe tana kallon kwamfutar. Wata Oktoba ake ciki, saura mako huɗu ta cika talatin da ɗaya a takarda.

Ta iske mahaifinta a tsakar gida yana juya ɓararren rogon da ya shanya. Bai tambaye ta ba, fuskarta ta gaya masa. Abin da ya ƙona mata rai shi ne ta ga kafaɗunsa sun sauka, irin saukar mutumin da aka ɗauke wa kaya.

"Ba komai, Nduk," ya ce, da sunan da iyaye ke kiran 'yarsu. "Allah bai yi ba. Baɗi kya sake gwadawa."

"Babu wani baɗi, Pak," ta ce, da kalmar da ake kiran uba ko dattijo.

"Kamar yaya babu? Shekararki talatin fa za ki cika."

"A kabad ɗinka! Su Ostireliya kabad ɗinka za su buɗe? Talatin da ɗaya ce a fasfo. Shekarar da ka ƙara min, wadda ka ishe mutane da labarinta, ita ce ta cinye ni yau. Ka ji daɗi, ina nan, zan tsufa ina juya maka rogo."

Kafin ta rufe baki ta yi nadama, amma magana ta riga ta fita. Pak Ngadiran ya ci gaba da juya rogon, har wanda ya riga ya juya.

Bayan mako guda ta je ofishin rajista ta tambaya ko ana gyara irin wannan. Aka ce ana gyarawa, amma sai da hukuncin kotu, da hujja, da shaidu, kuma wanda ya ba da ranar tun farko ya zo da kansa ya faɗa wa alƙali cewa ba gaskiya ya faɗa ba. Ta karɓi takardar bayanin, ta ninke, ta ajiye a kan tebur ƙarƙashin gwangwanin shayi. Ba ta iya roƙonsa ba. Yaya za ta ce wa dattijon da tun da yake ƙafarsa ba ta taɓa taka kotu ba ya je ya ƙaryata abu ɗaya tak da yake alfahari da shi, don kawai ta samu hanyar barinsa shi kaɗai a gida? Abin ya yi mata nauyi, kuma tausayinsa ya fi haushinsa yawa a zuciyarta.

Mbah Poniyem kuwa ba ta san wannan nauyi ba. Ranar Laraba Pahing da Pak Ngadiran ya kai mata kunu, Esti tana ɗaki ta jiyo su ta katangar kara.

"Ngadiran, har yanzu takardar na ƙarƙashin gwangwani?"

"Wace takarda, Mbah?"

"Ji shi! Wadda kake ɗagawa kana karantawa in ta tafi makaranta. Ka ɗauka ban gani ba? Ido ɗaya ne ya mutu, ɗayan yana aiki."

"In ta tafi wa zai..."

"Wa zai me? Wa zai dafa maka? Kai da ka shekara ashirin da biyar kana dama kunu mai gishiri ba wanda ya taya ka? Ka tura ta makaranta tun ba ta iya ɗaura siket ba, yanzu da ta karanta ta ga duniya da faɗi ka ce ta tsuguna. To me ya sa ba ka bar ta a taga ba tun farko?"

Esti ta ji ƙarar cokali a kwano, sannan tsohuwar ta ce yau ma gishirin ya yi yawa.

Washegari ya ajiye mata takardar a gabanta, ya ce ta shigar da ƙarar. Ranar zaman kuwa, ta fito daga wanka ta iske shi durƙushe gaban kabad da sukundireba, yana kwance ƙyauren.

"Pak, hoto kawai za mu ɗauka da waya!"

"Hujja suka ce. Hoto hujja ne?"

Haka suka shiga motar haya su uku, shi da rigar batik ɗinsa ta zuwa biki, Mbah Poniyem da lemarta, ƙyauren a tsaye tsakanin gwiwoyinsa, direba yana tambaya ko shi ma za a biya masa kujera. Mai gadin kotu ya so ya hana, tsohuwar ta kalle shi da idon nan mai aiki, ya kauce.

Alƙalin mutum ne mai furfura da tabarau, da alama ya ga abubuwa da yawa, amma bai taɓa ganin an jingina masa ƙyauren kabad a tebur ba. Ya sunkuya yana karantawa. Ranar auren Ngadiran tana sama. Sai ranar da aka rufa wa gidan kwano. Sai haihuwar Esti. Sai ranar da saniya ta haihu. Sai rasuwar matarsa, a nan fensirin ya nutse cikin katakon.

"Pak Ngadiran, kowa na iya ɗaukar fensir jiya ya rubuta shekara," in ji alƙalin. "Wa zai tabbatar min?"

"Ni!" Mbah Poniyem ta ɗaga lema tun ba a kira ta ba. "Ni na riƙe ƙafar uwar. Shekara kam ban sani ba, Pak Alƙali, ban yi boko ba. Amma Laraba Pahing ce. Shekara talatin ina shan kunun yarinyar nan, na uwarta da na wannan, ban taɓa shan sa ran Talata ba."

Alƙalin ya sa akawunsa ya duba tsohuwar kalanda. Tara ga Nuwamba na shekarar takarda ya faɗo ran Talata. Na shekarar ƙyaure ya faɗo Laraba, kuma Pahing. Ya cire tabarau ya goge, yana ƙoƙarin danne dariya. Sannan ya juya ga uban, ya tambaye shi ko ya yarda shi ya ba da ranar da ba daidai ba.

Pak Ngadiran ya miƙe. Ya dafa ƙyauren.

"Ni ne. Ƙarya na yi. Da na ga tana da kai, na ce kada ta ɓata lokaci. Na ɗauke mata shekarar da ya kamata ta yi tana wasan ƙasa, na zaunar da ita a benci. Yau na zo in mayar mata da abinta."

"Ka san abin da za ta yi da ita?"

"Na sani. Tafiya za ta yi."

Esti ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan takardun da ke cinyarta. Tun da take ba ta taɓa jin kunya da son mutum sun haɗu mata wuri ɗaya kamar ranar ba.

Hukunci ya fito bayan mako biyu, amma nan aka fara wahalar. Sai da ta bi takardunta ɗaya bayan ɗaya, ta haihuwa, katin ɗan ƙasa, na firamare, na sakandare, na jami'a, fasfo, ko'ina a ce ta dawo jibi. Shekarar da aka mayar mata kusan rabinta a bencin ofisoshi ta ƙare. Pak Ngadiran kuma ya daina ba da labarin shekara biyar. In wani ya tsokane shi a wajen biki, sai ya yi murmushi ya kama zancen farashin gyaɗa.

Da Oktoba ta zagayo ta koma shagon nan na Wonosari, ba ta ko karya ba. Wannan karon shafin ya karɓe ta. Ta shigar da neman bizar saura kwana goma sha tara ta cika talatin da ɗaya na gaskiya, kuma aka ba ta.

Da safen ranar tafiya yana ɗaure mata ƙullin soyayyar gyaɗa, wadda ta san ba za a bar ta ta shiga da ita ƙasar ba amma ta yi shiru, ya tambaye ta ba tare da ya ɗago ba:

"A can suna da Pahing?"

"Babu, Pak. Litinin da Talata kawai."

"To. Ni zan riƙe miki lissafin."

Motar da za ta kai ta filin jirgi ta yi ƙaho a waje. Ta koma ɗaki da sauri ta ɗauko mayafin uwarta da ta ce za ta tafi da shi, ta buɗe kabad. Ƙyauren ya ɗan karkace tun da aka mayar da shi. A ƙasan ranar rasuwar uwarta ta ga sabon rubutu, fensirin bai ko dushe ba: Esti ta tafi, Asabar Legi. A ƙarƙashinsa ya riga ya rubuta, Esti ta dawo, ya bar wurin ranar babu komai.