Tsakuwar Mutanen Gwiwa

A zamanin da Turawa ke mulki na yi ƙaramin akawu a wani ofishin gyaran hanya a Kazaure. Aiki ne mai daɗi, ba zan ɓoye ba: ga inuwa, ga kujera, ga keken ofis in za a aike ni. Wana kuwa, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, lebura ne cikin masu zuba marmara a hanyar da ta nufi Babura. Shi ya yi ɗawainiyata har na yi karatu, amma duk sanda ya gan ni sai ya ce, "Ga mai noma da alƙalami."

Gonarmu ta gado tana Gwiwa, a hannunsa take. Daminar da ta gabata ruwan shuka ya sauka yana bakin aiki, kafin ya samu ya isa gida ƙasa ta bushe. Gero bai yi ba, iyalinsa suka ƙare shekara da awo a kasuwa. Shi ya sa da bazara ta kama, wasu leburori suka aika roƙo a riƙa sakinsu 'yan kwanaki in ruwa ya sauka. Baturen ofishinmu mutum ne mai son ƙirga, ko buhun siminti bai yarda a ce masa "da yawa" ba. Ya ce ba zai yanke magana da ji-ta-ji-ta ba. A tambayi kowane lebura ko yana jin daɗin aikinsa. In mafi yawa sun gamsu, zancen hutu ya mutu.

Babban akawunmu, dattijo mai kirki amma mai gudun tashin hankali, shi ya mai da tambayar Hausa, shi kuma ya je ya yi ta. Ya jera mutane a rana, heluma, wato shugaban leburori, yana tsaye a gefensa da sanda. Kowa ya zo sai dattijon ya ce masa, "Yaya aiki?"

Yo don Allah, wane Bahaushe za ka ce wa yaya aiki ya amsa maka da wani abu ban da "da godiya"? Haka suka yi ta faɗa ɗaya bayan ɗaya, har da wana. Dattijo ya dawo da fara'a ya ajiye mini takardu, wai in haɗa jimilla in rubuta cewa kowa ya gamsu.

Ni kuwa tun ina yaro ba ni da haƙurin irin wannan. Na ture takardun na ce, "Allah gafarta Malam, wannan ai gaisuwa aka ƙirgo, ba ra'ayi ba."

Ya ce, "Kai yaro, a bar kaza cikin gashinta. Kai za ka koya wa Bature lissafi?"

Na ce in dai wannan ne lissafin, sai dai wani ya rubuta. Murya ta ɗaga har Bature ya leƙo yana tambayar abin da ya faru. Na rasa yadda zan fahimtar da shi da ɗan Turancina, sai Allah ya kawo mai gadinmu, wanda ciwon haƙori ya kumbura masa kunci har ido ɗaya ya kusa rufewa. Na ce, "Ranka ya daɗe, saurara." Na juya na ce, "Baba, yaya jiki?" Tsoho ya dafe kunci, da ƙyar ya buɗe baki ya ce, "Da sauƙi." Na fassara masa. Bature ya dubi kuncin nan, ya dube ni, ya yi dariya har da riƙe ƙofa. Ya ce to, in je in sake tambayar yadda na ga za ta fito da gaskiya.

Na hau keke na je sansaninsu. Na sa aka kafa zana, na ajiye ƙwarya biyu a bayanta, kowace da faifai a rufe. Heluma na saya masa fura na roƙe shi ya je ya sha a inuwa can nesa. Na gama gaisawa da mutane tsaf, kowa ya yi godiyarsa ya ƙoshi, sannan na ce, "Yanzu ga tambaya. Yadda ake aikin nan lokacin shuka, ya yi maka ko bai yi maka ba? In ya yi, jefa tsakuwa a ƙwaryar dama, in bai yi ba, ta hagu. Ba mai ganinka." Na riƙa kiransu gari-gari, in mutanen gari sun gama sai in juye tsakuwarsu a ƙulli dabam.

Da na koma ofis aka fara haɗa duka a ƙirga, kamar yadda Bature ya saba. Ta dama ta rinjaya, ba ma da kaɗan ba. Babban akawu ya gyara zama yana murmushi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ware su tukuna." Na baje ƙullin a kan tebur. Mutanen Kazaure da na wajen Babura su ne suka fi yawa, kuma gonakinsu na kusa da hanya, da yamma ma sai su leƙa su yi shuka, don haka kusan duk tasu ta dama ce. Ta Roni akasari hagu. Ta Gwiwa kuwa ko ɗaya babu a dama. Na ce in aka haɗa cikin mai ƙoshi da na mai yunwa aka raba biyu, a takarda kowa ya ci rabin tuwo. Bature ya ce mutanen Gwiwa 'yan kaɗan ne, ta yiwu dacewa ce kawai. Na ce da su kaɗai ne sai a ce haka, amma ga Roni ta bi sahunsu, kuma duk inda gona ta ƙara nisa, hagu ta ƙara nauyi. Ya daɗe yana juya tsakuwa da fensir. Daga baya ya ce duk mai gona nesa a sake shi in ruwa ya sauka. Ranar na ji daɗi ƙwarai, har ƙosai na saya wa mai gadi, na manta ba ya iya tauna.

Sai dai wana bai gode mini ba. Tun da tsakuwar Gwiwa duk ta taru gefe ɗaya, kowa ya san inda kowannensu ya jefa. Ya same ni bakin masallaci fuska a murtuke ya ce, "Ka ce ba mai gani. Yanzu heluma yana kirana mai ƙorafi, ni da ban taɓa kai kukana wurin mutum ba."

Na ce, "Yaya, to da in bar gonar ta sake kwana?"

Ya saɓa riga ya tafi. Har yau ina ganin ni ke da gaskiya, amma abin ya yi mini ciwo, don bai taɓa juya mini baya ba sai ranar.

Da ruwan shuka ya sauka na nemi izini na taka keke zuwa Gwiwa, ban san irin tarbar da zan samu ba. Na iske shi tsakiyar gona da sungumi, ya riga ya ja layi da dama. Na yi sallama, ya amsa ciki-ciki bai ɗago ba. Na tsaya bakin kunya kamar baƙo. Can ya tsaya, ya share gumi, ya kwance jakar iri daga kafaɗarsa ya miƙo mini.

"Cire takalman nan," in ji shi. "Da ƙafa ake rufewa."

Yana gaba yana sara, ina baya ina zuba gero ina takewa. Kafin ƙasa ta sha iska mun shuke gonar kaf, har da kusurwar nan ta bakin kuka da ta kwana bara.