Kwana Goma Sha Uku A Siton Takalma

Shekara goma ke nan da rasuwar Bimal, abokina ɗan ƙasar Nepal. Zaftarewar ƙasa ce ta rutsa da motar da yake ciki, ana tsakiyar damina, a kan hanyar da ke hawa zuwa ƙauyensu. 'Yarsa ce ta kira ni bayan mako guda ta faɗa mini, cikin Turancin makaranta, a hankali, kamar mai karanta sanarwa.

A Guangzhou, birnin kasuwanci na ƙasar Sin, muka haɗu. Ina yi wa 'yan kasuwar Kano tafinta da haɗa kaya, ina da ɗan sito a hawa na huɗu na wani gini kusa da Zhanxi Lu, inda ake sarin takalma. Bimal ɗan dako ne. Sauran 'yan dako da amalanke suke aiki, shi kuwa wata igiya mai faɗi yake ratayawa a goshi, ya ɗora kwali uku a baya, ya hau matakala ba ya tsayawa. Na taɓa tambayarsa ko wuyansa ba ya ciwo. Ya ce a garinsu da igiyar nan ake ɗauko gishiri da kwanon rufi, har da marar lafiya, tafiyar kwana biyu daga inda mota ke tsayawa. Ya ce gonakinsu hawa-hawa suke a jikin dutse, wata faɗinta bai fi tabarma ba. Idan za ka je wurin maƙwabci kana hango gidansa, kana jin carar zakaransa, amma sai ka sauka ka ƙetare gadar waya mai lilo a kan kogi, ka sake hawa, rabin yini ya tafi.

A watannin da suka gabaci wasannin Olympics na 2008 aka tsaurara sabunta biza. Mutane da yawa suka wayi gari takardunsu sun ƙare, Bimal na cikinsu. Ana bin gidaje da shaguna ana duba fasfo. Wanda aka samu ya ajiye marar takarda, shi ma tasa ta shiga haɗari. Mun koyi rage murya a matakala. Ko ƙwanƙwasa ƙofa aka yi, sai an dubi juna kafin a buɗe.

Ana cikin haka aka kira Bimal daga gida aka ce mahaifinsa ya rasu. Shi kaɗai ne ɗa namiji. A al'adarsu, ɗa zai aske kansa, ya ɗaura farin ƙyalle marar ɗinki, ya zauna a ƙasa kwana goma sha uku. Sau ɗaya zai ci abinci a yini, shi zai dafa da kansa, babu gishiri. Ba zai taɓa kowa ba, kowa ba zai taɓa shi ba. Sun yi imani da wannan zama ne mamacin ke samun hanyarsa. Idan ya nufi filin jirgi da bizar da ta mutu, tsare shi za a yi, kwanakin su ƙare masa a ɗakin da ake cunkushe, ana miƙo masa abincin da bai san yadda aka dafa ba. Ya tsaya a bakin sitona ya ce, "Dai," wato yaya, haka yake kirana, "kusurwa ɗaya kawai nake so."

Na ba shi. Ba addinina ba ne, ban kuma shiga abin da yake yi ba, amma na san nauyin uba. Sai dai in faɗi gaskiya: tun daren farko ban sake cin abinci da daɗi ba. Na tsara wata jimla da Sinanci, na haddace ta kamar yadda nake haddace kanun labarai lokacin da nake aikin rediyo: ban san shi ba, ɗan dako ne, shigowa ya yi.

A rana ta huɗu Alhaji Sani ya zo. Dattijo ne daga kasuwar Kwari ta Kano, Bimal ya daɗe yana ɗaukar masa kaya. Ya ji labarin rasuwa, ya yi abin da kowane mutumin kirki na garinmu zai yi: ya sa an yi tuwo da miyar kuka, ya ɗauko kular da kansa har hawa na huɗu. Kafin in buɗe baki ya riga ya kama hannun Bimal da hannu biyu, ya dafa kafaɗarsa. Bimal ya yi wata ƙara, ya ja da baya har kwalaye suka zube.

"Subhanallahi! Me na yi masa?"

"Alhaji, ba a taɓa shi."

"Gaisuwar mutuwa ba musabaha? To tuwon fa?"

"Da gishiri, Alhaji."

"Yau ga ikon Allah. Mutum ya rasa uba, kuma a hana shi gishiri? Kai da ka yi boko, ba sai ka rubuta a ƙofa ba?"

Bimal ya je ya sake wanka, ya dawo yana ba Alhaji haƙuri daga nesa. Amma ƙarar ta riga ta fita. Mai kula da ginin, wata tsohuwa da muke kira Ayi, wato inna, ta hawo ta leƙa. Ta dubi askakken kan, ta dubi farin ƙyallen, ta sauka ba ta ce komai ba. Kwana bakwai na yi ina jiran abin da shirun nan zai haifa.

A rana ta goma sha ɗaya, da hantsi, suka zo. Jami'ai biyu, Ayi na biye da su da makullai. Suka duba fasfona. Babban ya nuna ƙofar ciki ya ce, "Wa ke nan?" Jimlar tana bakina, a shirye. Na ja numfashi zan faɗe ta, sai Ayi ta riga ni. Ta yi magana da sauri da harshen mutanen garin, wanda ba na ji sosai, amma na tsinci kalmar uba da kalmar fari. Daga baya na gane su ma da farin kaya suke makoki. Jami'in ya tura ƙofar da yatsa, ya ga Bimal zaune a kan kwali shimfiɗaɗɗe, da 'yar tukunyarsa a gefe. Bai shiga ba. Ya tambaye shi kwana nawa suka rage masa na makokin. Bimal ya ɗaga yatsu biyu. Jami'in ya ce a rana ta uku ya zo ofis da fasfonsa, da ƙafarsa.

Ya cika kwanakinsa. Alhaji Sani ya sake hawowa da tuwo, ya tsaya a ƙofa ya ce, "A tambaye shi, yau an buɗe hannun?" Washegari Bimal ya tafi ofis ɗin shi kaɗai. Aka tsare shi makonni, aka mayar da shi gida.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Ya yi ta fatan hanyar mota ta kai ƙauyensu, ta kuwa kai, an sare dutse an shimfiɗa ta, kuma duk damina gefen dutsen na saukowa a kanta. 'Yarsa ta ce yanzu mata da tsofaffi ne ke noman gonakin, samari sun tafi ƙasashen Larabawa aikin gini. Da Bimal ya rasu, ɗansa yana can, ba a ba shi hutu a kan lokaci ba. A ɗakin kwanan ma'aikata ya zauna nasa kwanakin, a tsakanin gadaje masu hawa. Ban san wa ya tsaya masa a ƙofa ba, ban kuma san abin da mutumin ya shirya faɗa ba.

Bayan komawarsa, duk shekara Bimal na kirana a lokacin babban bikinsu. Ba ya ajiye waya sai ya ce ya gaya wa 'ya'yansa cewa wani Bahaushe ya tsaya masa ranar da ba shi da kowa. Nakan ce ba komai. Shekara bakwai ina cewa ba komai.

Abin da ya bar mini shi ne wannan shaidar, wadda ta fi ni girma. 'Ya'yansa sun tashi da ita, har yau 'yarsa kawu take ce mini. Ayi ce ta yi magana a ranar, ni numfashi kawai na ja. Ba zan iya gyara masa labarin ba yanzu. Abin da ya rage mini shi ne duk wanda ya tsaya a bakin ƙofata yana neman kusurwa ɗaya, in yi ƙoƙarin zama mutumin da Bimal ya faɗa wa 'ya'yansa.