Kaset ɗin da babu komai a cikinsa sai gaisuwa

Jiya ina kwashe kayan tsohon akwati na ci karo da wani kaset. Na kunna, sai ga muryata ina saurayi: "Ina gajiya? Ya iyali? Ya damina?"

Lokacin da kuɗin man fetur ya shigo ƙasar nan ne. Ina koyon aikin ba da shawara a wata sakandare a Wudil. Malamin da ke duba aikina gwamnati ta tura shi ƙasar waje yin digirin dakta, don ya dawo ya horar da irinmu. Ya zo bincike da rikoda, yana ɗaukar zamanmu da iyayen yara.

Ranar da aka ɗauki wannan kaset, wani dattijo daga Lajawa ne ya zo. Mun daɗe a ofis, ba abin da ya ce sai lafiya lau. Da na fito raka shi, sai da muka kusa tasha ya tsaya ya ce ɗansa zai bar makaranta ya tafi leburanci Kano, shi kuma ya kasa barci. A tsaye muka gama maganar.

Malamin ya saurari kaset ɗin har ƙarshe.

"Ina matsalar?"

"Sai a rakiya ya faɗa, ranka ya daɗe."

Ya nuna rikodar. "Malamaina can abin da ke kaset kaɗai suke karɓa."

Yaron ya gama makaranta. Malamin ya samu digirinsa, kuma duk ɗalibin da ya horar ya san dokarsa ta farko: ka raka mutum.

Ku fa, a zaune ake faɗa muku damuwa ko a bakin ƙofa?