Ranar Wankin Ƙofar Kaka

Ƙarfe biyu na rana, wata Juma'a, Kaka ya miƙa wa yayata Salma tiyon injin wankin mota da muka aro, ni kuwa ina kallo. Ƙofar gidanmu ta katako a unguwar Alsawra za a wanke, wadda ya haɗa da hannunsa.

"Kar ki ja ruwan tanki, rana ta dafa shi," in ji shi. "Ruwan zafi yana buɗe jikin katako ya sa shi kaushi. Ɗebo na randa, ki rage ƙarfin injin."

Na fi Salma sanin wannan, amma duk shekara ita yake kira, har ya rasu. Jiya maƙwabcinmu ya wanke tasa ƙofar, ƙamshin jiƙaƙƙen katako ya shigo ɗakina, kishin ya dawo mini sabo. Na tambayi Haboba, matarsa, me ya sa bai taɓa ba ni tiyon ba.

Ta ce, "Allah ya jiƙansa. Salma sai da aiki take tsayawa kusa da shi. Ke kuwa kullum kina zaune gefensa da littafinki, ba ya son ki tashi."